Waƙoƙin Bawa da Aka Goge

Wata ranar kasuwa wani direban motar Yamai ya shigo rumfata a tashar Filingue, riƙe da kaset a tafin hannu kamar wanda ya tsinci ɗan tsako. A gaban mota ya manta da ita, rana ta dafa ta, gidanta ya lanƙwashe, zaren ya fito waje ya cukurkuɗe.

"Idi, in ba da wagga ba, ba ni kama hanya," in ji shi. "Mutanen mota na yi mini hwaɗa."

Na kwance 'yan kusoshinta, na ɗauke zaren na zuba shi cikin wani tsohon gida da nake ajiyewa don irin wannan rana. Inda ya tsinke na yanke bakin biyu a karkace da reza, na haɗa su da ɗigon jan farce na mata, na hura har ya bushe. Sannan na zura alƙalamin bik cikin ramin na naɗe shi sannu a hankali, ina miƙe lanƙwasar da babban yatsa. Da ya sa ta a rediyon motarsa, muryar mawaƙinmu Bawa ta tashi da "Shofer Jira Ni", wato direba jira ni, masu tallan ƙosai suka kama amshi tun daga bakin tasha.

Na fara da wannan ne saboda ku. Ku da kuke zaune yau a tashar nan da kwamfuta, kuna tura wa mutum waƙoƙi cikin waya kafin shayinsa ya huce, kuna ce mini, "Baba Idi, ai sana'arku danna maɓalli biyu ce." To, ku gyara zama. Maɓallin kam biyu ne, amma kafin a bar ni in danna su sai da na ci wuya.

A Yamai na koyi aikin, wajen wani mai gyaran rediyo Bazabarme, Maigida Hamani. Shekarata ta farko ban taɓa ɗaukar ko tari ba. Aikina shi ne in naɗa auduga a tsinken ashana, in tsoma a alkol, in goge kan na'ura, wato ɗan ƙarfen nan da zare ke gogawa a kansa. In bel ya saki, in yanko wani daga tsohuwar robar tayar keke, kuma sai faɗinsa ya yi daidai, in ba haka ba mawaƙi ya riƙa jan murya kamar mai jin barci. Akwai wata 'yar kusa gefen kan na'urar, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero. Maigida Hamani zai karkatar da ita da gangan, ya sa kaset, ya miƙo mini sukurdireba, ya koma ya kishingiɗa. Sai in yi ta juyawa har sautin ya buɗe, kalangu ya fito daga cikin bargo. In na wuce wurin ko da kaɗan, sai in ji murfin kwano ya sauka a ƙeyata.

"Kunne, Idi," yakan ce. "Hannu kowa na da shi."

Shi ya koya mini zuriyar kaset. Wadda aka ɗauka daga bakin mawaƙi ita ce uwa. Wadda aka kwafa daga uwa 'ya ce, wadda aka kwafa daga 'ya jika ce, kuma kowane hawa sai sauti ya rage, shuu ɗin nan ya ƙaru. Uwa ba ta zuwa kasuwa. Ana karya 'yan haƙoran nan biyu na bayanta don kada hannu ya kuskure ya goge ta, a naɗe ta a tsumma, a sa a tukunyar ƙasa cikin ɗaki mai sanyi. Ba a fito da ita sai in 'ya ta gaji za a haifi wata.

Na dawo gida ba da daɗewa ba bayan sojoji sun karɓi mulki, da na'ura biyu, da makirfo ɗaya, da batirin mota. Lokacin ba a yin taron rawa sai da takardar izini daga biro, wato ofishin hukuma, kuma kowane gari ana so ya fitar da makaɗansa na zamani. An kawo wa gidan matasa gita da bas, wato gita mai kaurin murya, da ganguna da wani ampli na ƙara sauti mai kukan sauro. A nan aka kafa ƙungiyar makaɗa ta Orkes Shamuwa, kuma 'yan'uwa biyu ne ƙashin bayanta.

Babban shi ne Mushe Arzika, malamin lakwal, wato makarantar boko (Mushe muke kiran malamanta, daga Faransanci), mutum mai tsare gida, wanda ko dariya sai ya duba ta ya ga ta dace. Wani Bature da suka koyar tare ya bar masa faifai na wasu makaɗan ƙasarsu. Ya taɓa kira na gidansa in saurara. Kiɗa ɗaya ya cinye fuskar faifai sukutum. Ya fara a hankali kamar ana rakiyar gawa, ya koma kamar mata na daka, ya tsaya cak, sai sarewa ita kaɗai, sannan kowa ya rufto a guje. Ni dai na zauna ina gyaɗa kai don kunya. Amma na lura da abu ɗaya: a kowane faifai akwai wata 'yar gajeruwar waƙa mai daɗi, wadda ko ni da ba na jin yaren zan iya bi da fito. Da an zo kanta sai Mushe ya ɗage allura ya tsallake.

"Wagga ta kasuwa ta," in ji shi. "Su ma Annasara sai sun ci tuwo."

Burinsa shi ne ya yi irin wancan dogon kiɗa da kayan kiɗanmu na ƙasar Kurfai. Ya ɗauko kiɗan noma, ya ɗinke shi da na 'yan kokowa, ya sa goge ya yi magana da gita, ya juya taki a tsakiya ba sallama. Babu waƙa a ciki ko baiti ɗaya, wai murya tana raba hankalin mai saurare. In faɗi gaskiya, aikin gwani ne. Makaɗan sukan yi wata suna gumi a kan gaɓa ɗaya. Amma a filin rawa abin tausayi ne. Mutum ya ɗaga ƙafa a kan taki ɗaya, kafin ya sauke an canja, sai ka ga ma'aikata da matansu sun yi cirko-cirko suna kallon juna.

Ƙaramin shi ne Bawa, tela ne a kasuwa, shi ke riƙe da bas. Ciki ɗaya suka fito amma hali ya raba su. Bawa bai iya zama shiru ba, ko keken ɗinkinsa da taki yake taka shi. In ya ga fili ya yi sanyi sai ya matso ga makirfo ya saki wata 'yar waƙa da ya ƙirƙira a shago. "Shofer Jira Ni" labarin wani ne da ke bin mota a guje don budurwarsa na ciki. "Goron Baleyara" kuwa tsiya ce yake yi wa saurayin da ya kai goro gidan surukai ya cinye rabi a hanya. Ba wata gwaninta a cikinsu, taki ɗaya ne daga farko har ƙarshe, amshin kuma ko yaro ya ji sau ɗaya ya riƙe. Muryarsa ce dai. Tana da 'yar gardi, kuma kana jin murmushi a cikinta. Kafin ya kai amshi na biyu fili ya cika.

Mushe yakan bi shi da gita fuska a murtuke. In an sauka ya ce, "Ka mai da mu 'yan kiɗan biki."

Bawa ya ce, "Yaya, rawa mutane sunka zo, ba lakwal ba."

Ranar da na ɗauke su, a ajin Mushe muka yi bayan an tashi yara. Na rataya tabarmi a bango don kada sauti ya yi tsalle ya dawo. Makirfo ɗaya ne, don haka da ƙafa ake haɗa sauti: mai ganga na kai shi bakin ƙofa, mai goge na jawo shi kusa, Bawa na tsayar da shi kamu ɗaya daga makirfo na ce in ya matsa zan taka shi. Idona na kan allurar na'ura, kada ta kwanta cikin ja. Kaset ɗin ta musamman ce, mai baƙin zare mai nauyi, wani ɗan kasuwa ya kawo mini daga Lome. Mushe ya yarda a sa waƙoƙin Bawa a fuska ta ɗaya, da sharaɗin a ba shi fuska ta biyu ya zuba dogon kiɗansa na farko. A ransa, mutane za su shigo ta ƙofar Bawa su tarar da shi a tsakar gida.

Ba su tarar da shi ba. Kaset ɗin ta tashi kamar wutar kara. Daga Filingue zuwa Yamai ba motar da ba ta da ita, har ƙauyukan Imanan ana aiko mini. Amma kowa fuska ta ɗaya yake so. Da ta ƙare sai a zura bik a mayar da ita farko, don kada a ɓata pil, wato batirin rediyo. Wani direba ya zo ya ce in goge masa bayan in maimaita gaban.

"Wanga na baya mi na na?" in ji shi. "Tun Baleyara anka hwara shi, har munka shiga Yamai ba a kai ga waƙa ba."

Mushe na zaune a bencina lokacin, yana karatun jarida. Bai ɗago ba, amma na ga kunnensa ya motsa. Daga ranar bai ƙara kiran waƙoƙin ƙanensa da sunansu ba, sai dai ya ce "abubuwan nan na Bawa". Ya koma ya duƙufa kan wani sabon kiɗa da ya fi na farko girma, wanda ya ce zai ba da labarin yadda kakanni suka zo suka sari dajin Kurfai, ba tare da an furta kalma ba. Ya yi shekaru yana gininsa.

Sai shekarar fari ta zo. Aka yi shuka ta bushe, aka sake ta bushe. Dabbobi suka zube a kasuwar Baleyara ba mai taya su. Ga shi kuma an rufe iyakar Nijeriya, inda kaset da pil suke fito mana. Sabuwar kaset ta zama kamar ƙwan zabuwa a rani. Aikina ma ya sauya. Ba mai zuwa sayen waƙa, sai tsofaffi da mata masu kawo tsohuwar kaset, a toshe ramin haƙoranta da takarda, a goge abin da ke ciki, su yi magana a aika wa 'ya'yansu da ke bakin teku. Na ɗauki kukan mutane a shekarar nan fiye da yadda na ɗauki kiɗa a duk rayuwata. Kuma da yawan kaset ɗin da aka kawo mini a goge, muryar Bawa ce a kansu.

Orkes ma ta fara watsewa. Mai ganga ya ce zai bi babbar mota zuwa kudu, mai goge zai koma ƙauye. Bawa kansa ɗinki ya tsaya masa, ga matarsa da ciki, ya yanke shawarar tafiya Abijan. Mushe ya ga in bai ɗauki sabon kiɗan nan a makon ba, ba zai ƙara tara mutanen da suka iya shi ba. Muka taru a ajinsa, muka gwada kaset biyu daga cikin na rumfata. An goge su an sake har sun gaji, wuraren da goge ke yin ƙasa-ƙasa sai shuu ya haɗiye su. Mushe ya saurara, ya girgiza kai.

"Idi, hiddo uwar."

Na ce, "Mushe, uwa ba a goge ta."

"Huska guda ɗai za mu taɓa."

"Wace?"

Fuska ta biyu kiɗan Mushe ne na farko, kuma duk duniya ba shi da wani gida mai kyau sai nan, tunda masu saye sun goge nasu. Fuska ta ɗaya kuwa ta Bawa ce. Kowa a ajin ya san abin da yake so ya faɗa, nauyin baki ne ya hana shi. Bawa ne ya sauƙaƙa masa, yana ɗaure igiyar bas yana dariya.

"Goge tawa, Yaya. Waƙoƙina na cikin kowace mota daga nan har Yamai. Wa ka iya goge su duka?"

Na sake cewa ban yarda ba, na faɗi abin da Maigida Hamani ya koya mini. Amma kayan nasu ne, kuma maganar Bawa ta yi kama da gaskiya. A lokacin in ka ce waƙar nan za ta ɓace, kamar ka ce yashi zai ƙare a Filingue ne. Na toshe ramin haƙori da takarda, na danna maɓallan nan biyu da kuke raina wa.

Sun yi kiɗan da ba su taɓa yi ba. Mutane ne da yunwa a cikinsu, kowa ya san gobe ba za a haɗu ba. Akwai wurin da bas ɗin Bawa yake tafiya shi kaɗai, ɗif, ɗif, kamar sawun raƙumi. Batirina yana ta ja da baya, ina addu'a ya kai mu. Da gangar ƙarshe ta mutu na ɗan jira kaɗan, na kashe.

Bawa ya tafi. Matarsa ta haifi mace aka sa mata Rabi. Kafin yarinyar ta yi tafiya labari ya zo cewa zazzaɓi ya kayar da shi a can, an binne shi a garin da ba wanda ya san ya taɓa yin waƙa. Mushe ya ɗauki Rabi ya riƙe. Gitarsa kuwa ya mayar gidan matasa bai ƙara taɓa ta ba.

Kaset ba ta mutuwa rana ɗaya, shi ya sa ba a yi mata zaman makoki. 'Yar da na ajiye ta waƙoƙin Bawa ta yi ta aiki, na'ura ta tauna ta, na ɗinke, ta sake taunawa, har baƙin zaren ya kakkaɓe ya koma fari kamar ɓawon albasa. Na direbobi rana ta cinye. Da sojoji suka koma bariki aka shiga siyasa, kowa waƙar jam'iyya yake so a ɗora masa kan tsohuwar kaset ɗinsa. Bayan nan wa'azi ya zo ya hau kan sauran. Sannan faifan zamani, sannan wayoyinku. Waɗanda suka rage yara suka farke su, manoma suka ja zaren suka kewaye gonakin hatsi da shi, yana ƙyalli yana kora tsuntsaye. Na sha wucewa ta gona in ga zare na rawa a iska, in ce a raina ko wace waƙa ce wannan. Ina kewar zamanin nan, ba na ɓoyewa. Ina kewar mutum ya tako tun daga ƙauye don waƙa ɗaya, ya zauna ya jira a kwafa masa ita da tsawonta.

Babban kiɗan Mushe kuwa yana nan cikin tukunya lafiya lau, ba abin da ya same shi, don ba mai tambayarsa.

Bayan Mushe ya yi ritaya sai ya riƙa zuwa tasha da hantsi ya zauna a bencina. Ba ya ambaton waƙoƙin Bawa. Amma in tsohon direba ya tsaya gaisawa, sai ya kewaya ya kewaya, ya ce, "Cikin tarkacenka babu sauran kaset ta da?" A ce babu. Ya ce dama tambaya ce kawai.

Wata rana Rabi ta zo tare da shi. Ta zama babbar mace, ungozoma ce a asibiti, da 'ya'yanta. Idon Mushe ya fara rauni, ita ke riƙe da hannunsa. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba Idi, waƙar babana na sani, mata na yin ta wurin biki. Muryatai ta ban sani ba. An ce in akwai ta duniya, wurinka ta take."

Na dubi Mushe, ya sunkuyar da kai. Na ce mata babu, amma zan nema.

Na nema kuwa. Na bi tsofaffin direbobi gida-gida. Na je Baleyara wajen masu sayar da tarkacen rediyo, na zazzage buhunansu. A Bonkuku wata tsohuwa ta fito mini da kaset daga ƙasan akwatin aurenta, da rubutun hannuna a jiki, Orkes Shamuwa. Na garzayo da ita gida na sa. Wa'azin rabon gado ne. Na zauna na saurare shi har ƙarshe don takaici. Malam ya yi addu'a ya shafa, aka yi ɗan shiru, sai ga wutsiyar wata waƙar Indiya ta faɗo, ta yi 'yan daƙiƙu zaren ya ƙare. Wato kaset ɗin ta sha gugar hannu fiye da sau ɗaya, kuma wanda ya ɗora wa'azin ya kashe na'ura kafin ƙarshen zare.

Nan na miƙe tsaye. Sabuwar ɗauka ba ta goge tsohuwa sai inda ta taka. Ni a ƙa'idata nakan bar na'ura ta share sauran zaren har ƙarshe, amma ranar nan a ajin Mushe batir bai ba ni wannan sukunin ba. Kuma tun daga ranar, 'yan lokutan da na fito da uwar, da gangar ƙarshe ta mutu nake kashewa. Mai aiki da batir ba ya zama sauraren shiru.

Ban yi wa Rabi da Mushe alkawari ba. Na ce su zo da la'asar, akwai abin da za mu gwada, wataƙila a samu, wataƙila a tarar da wayam. Na wanke kan na'ura, na sa sabon bel, na daidaita 'yar kusar nan da kunnena. Na fito da uwar daga tsummanta, na ɗan bubbuga ta a tafin hannu don zaren ya saki jikinsa. Rabi ta ajiye wayarta gaban lasifika tana ɗauka, don na gaya mata zaren da ya kai wannan shekaru wataƙila wucewa ɗaya ta rage masa.

Kiɗan ya fara. Goge ya shigo a hankali, tas kamar jiya aka ɗauka. Wannan shi ne aikin da Mushe ya ba rayuwarsa, bai kuma ji shi ba shekara da shekaru. Ko minti biyu ba a yi ba ya fara mutsu-mutsu a benci.

"Idi, tura shi gaba."

Na ce, "In na tura da gudu shina tsinkewa, Mushe. Sai dai mu bi shi da tahiyatai."

"Har yanzu da saura da yawa?"

"Kai ka gina shi, kai ka sani."

Ya yi tsaki. Aka shiga kiɗan noma, aka juya zuwa na kokowa, aka tsaya, aka sake tashi. Ya riƙa murza carbi yana cewa, "Wanga wuri ya yi tsawo. Mi ya sa munka maimaita shi?" Da aka zo inda bas ke tafiya shi kaɗai, na ce wa Rabi, "Wanga hannun babanki na." Ta matso ta kafa kunne. Mushe ya daina motsi har wurin ya wuce.

Gangar ƙarshe ta faɗi. Shiru ya biyo baya, sai shuu na zare. Na dubi tagar kaset ɗin, abin da ya rage a naɗe bai fi kaurin farce ba. Shirun ya yi tsawo har na fara neman kalmar da zan ba su haƙuri da ita. Sai aka ji ƙas, alamar inda na kashe na'ura a wancan lokaci, kuma daga tsakiyar kalma muryar Bawa ta faɗo cikin rumfar, da gardinta da murmushinta, tana roƙon shofer ya jira. Amshi ɗaya ne da rabi. Gita ta rufe, gitar Mushe ce. Rabi ta toshe bakinta da gefen mayafi.

Zaren bai ƙare nan ba. Aka ji an ja kujera, wani ya yi tari, Bawa ya yi 'yar dariya yana haki. Sannan muryarsa ta ɗan yi nisa da makirfo, kamar ya juya gefe.

"Yaya, ta yi?"

Na'ura ta yi ƙarar tsayawa. Zaren ya kai ƙarshe, ba a ji abin da aka amsa masa ba, ni ma da nake wurin a ranar ban tuna ba.

A waje ana ta lodin motar Yamai. Mushe ya lalubo gefen teburin da hannu, ya matso da fuskarsa kusa da lasifikar, kamar mai yi wa wani magana ta taga.

"Ta yi, Bawa," in ji shi. "Wallahi ta yi."